Na Kai wa Nafi'u Taya Har Kamaru

Tun da na dawo ban huta ba. Duk wanda ya kawo keke gyara sai ya zauna a kan benci ya ce, "Sabi'u, wai yaya Kamarun?" Wasu ma ba keke suka kawo ba, kunnuwansu kawai suka kawo. 'Yan majalisarmu ta Unguwar Kanawa kuwa kowa da irin labarin da yake yaɗawa: wannan ya ce an tsare ni a kan iyaka, wancan ya ce na sume sai da aka yayyafa mini ruwa. Ba a tsare ni ba, ban kuma sume ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta, ni kuma in samu in yi aikina.

Ga wanda bai san mu ba, ni mai gyaran keke ne. Ƙanena Nafi'u shi ne mai tseren keke, na gaske, irin masu matsattsun kaya da hular kwano. An ɗauke shi cikin 'yan wasan da za su je wata gasa ta kwana da kwanaki a arewacin Kamaru. Mahaifinmu yadi yake sayarwa a kasuwa, kuma ya daɗe yana son Nafi'u ya zo ya zauna a shago. Kafin su tafi ya kira mu mu biyu ya yanke magana. In Nafi'u ya gama wannan gasa har ƙarshe, ya yarda sana'a ce, ba zai ƙara ce masa uffan ba. In kuwa aka cire shi a hanya, to ya rataye keken ya zo ya karɓi almakashi. Nafi'u ya ce ya amince. Baba ba ya magana biyu, Nafi'u kuma ba ya saɓa masa.

A irin wannan gasa ba faɗuwa ce kaɗai ke fitar da mutum ba. Kowace rana, da zarar na farko ya shiga, sai a fara duba agogo. Wanda wa'adin da aka yanka ya cika bai iso ba, a soke sunansa kamar bai taɓa hawa ba. Ranakun shimfiɗaɗɗiyar hanya ba su dame mu ba. Ranar ƙarshe ce abin tsoro, ranar dutse, a hanyar da ta taso daga wajen Garwa ta nufi Ngaundare. Nafi'u kuwa duk dutsen da ya sani a rayuwarsa gadar Kawo ce. Ya hau ya sauko, ya sake hawa, sannan ya miƙe hanyar Zariya har Katabu ya dawo.

A majalisa Boka suke ce mini, saboda in muna kallon tseren Turai a waya nakan faɗi wanda zai tsere da inda zai tsere, kuma sau da yawa haka ake yi. Abin ya shiga kaina, ba na musu. Da Nafi'u ya turo mini hoton zanen hanyar ranar dutse, kallo ɗaya na yi masa. Layin ya miƙe sama kamar bango, bayansa akwai wasu 'yan lanƙwashe-lanƙwashe da ban ko tsaya dubawa ba. Ya kira ni ya ce kocinsu ya ce kada ya bi na gaba, ya hau a hankali cikin masu nauyin jiki.

Na ce, "Kocin nan matsoraci ne. Saurara ka ji yadda za a yi. A gindin dutsen sirara za su tashi, irin 'yan Ruwanda da Eritiriya, waɗannan ba sa'anninka ba ne. Bayansu taron zai tsinke gida biyu ko uku. Kai ka manne wa kashi na biyu, ko za ka yi aman jini. Ka zuba duk abin da ke jikinka a hawan, kada ka rage ko cokali. In ka kai sama shi ke nan, gangara za ta kawo ka gida kana zaune. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo."

Ya ce, "To Yaya."

Na kuma yi masa alkawarin taya. Mako biyu na yi ina haɗa ta, tayar baya mara nauyi, da faifan giya mai manyan haƙora wanda zai sauƙaƙa masa hawa. Ban gama ba sai bayan sun tafi, don haka babu yadda za a yi sai in kai masa da hannuna kafin a tashi ranar Lahadi, ranar dutsen. Mafarin tafiyar ke nan.

Ranar Juma'a bayan asuba na isa tashar Kawo, jaka a kafaɗa, taya a hannu naɗe da kwali. Direban ya ce a jefa ta a but ƙarƙashin buhunan masara. Na ce sai dai a jefa ni tare da ita. Haka na ɗora ta a cinya daga Kaduna har Yola. Kusa da ni wata Hajiya ce mai sayar da turaren wuta, za ta Gombe. Ta dubi tayar ta dube ni, ta ce, "Malam, sauran keken fa? Ko kaɗan-kaɗan kake saye?" Duk motar aka kwashe da dariya, ban da ni. Bayan Saminaka na ɗan gyangyaɗa, ina farkawa na tarar ta rataye ledar goronta a jikin tayar ta wata kafa da kwalin ya yage. Na ce Hajiya don Allah. Ta ce, "Ai na ga wurin a banza yake."

A Bauchi muka tsaya salla da cin masa, ni da hannu ɗaya na ci. Duk shingen da muka tarar a hanya sai an leƙo an tambayi abin da na rungume, wani ma sai ya ce in buɗe ya juya ta ya ji ƙararta. Lokacin da muka shiga Jimeta da magariba ƙafafuna ba nawa ba ne, ga shatin kwali a haɓata. Na kama ɗaki kusa da tasha, mai fanka da ke juyawa kamar ana roƙonta. Zafin Jimeta kuwa, duk mai kukan zafin Kaduna ya je ya gani ya dawo ya nemi gafara.

Washegari na shiga motar da ke zuwa bakin iyaka. Inda kwalta ta ƙare mota ta ci gaba da haƙuri, inda haƙurin mota ya ƙare aka ce sai acaɓa. Muna tsallaka wani busasshen rafi yashi ya kama tayar gaba, muka kwanta ni da ɗan acaɓan. Na faɗi a bayana, hannuwa a sama, na ɗaga tayar kamar mai ceton jariri. Ɗan acaɓan ya tashi yana kakkaɓe jiki ya ce, "Oga, kai ka ji ciwo ko ita?" Na ce ya bar ni, ita dai lafiyarta ƙalau.

A ɓangarenmu na kan iyakar ba a ɓata lokaci ba. A ɓangarensu ne na ga ta kaina. Jami'in ya yi mini Faransanci, na mayar masa da Turanci, muka tsaya muna kallon juna, sai da wani mai goro ya shiga tsakani da Hausa da Fulatanci. Katin rigakafin shawara yake nema. Na zazzage jaka babu, na laluba aljihu babu. Can na tuna cewa don tsabar wayo a cikin kwalin tayar na cusa shi, wai kada ya ɓace. Na zauna a ƙasa ina warware igiya da salatif. Da tayar ta fito jami'in ya manta da kati. Ya ɗaga ta da yatsa ɗaya, ya kira abokan aikinsa kowa ya ɗaga. Ashe duk sun san gasar, suna bin ta a rediyo. Da mai goro ya gaya masa ƙanena zai hau dutse gobe, sai ya yi fito ya ce, "Falez!" Sunan da suke kiran wurin ke nan. Ya ɗaga tafin hannunsa sama a miƙe, sannan ya kwantar da shi ya tura gaba. Ni na ɗauka sallamata yake yi, na ce na gode na wuce.

Da la'asar na shiga Garwa. Layin wayata ya mutu tun daga kan iyaka, ga shi an ce 'yan tseren sun riga sun tafi garin da za a tashi gobe, can gaba kusa da gindin dutsen. A masallaci na haɗu da wani dattijo, Malam Garba, wanda ya ce kakansa Bakano ne amma shi ko hanyar Kano bai sani ba. Da ya ji matsalata bai tambaye ni komai ba, ya ɗauki jakata ya ce in biyo shi.

A gidansa na kwana. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, sai ka ji kamar kakarka ke magana, sai dai lokaci-lokaci Faransanci ya faɗo ciki. Aka kawo mini gasasshen kifi, giwan ruwa, ban taɓa cin irinsa ba, amma rabi na ci don hankalina ba ya wurin. Zoɓonmu su folere suke ce masa. Gaisuwarsu ta fi tamu tsawo, jam, jam, jam, har sai ka manta abin da ya kawo ka. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ko sayen sukari mutum zai fita sai ya taɓa aljihu ya tabbata katin shaidarsa na ciki, ni kuwa nawa ma ban san ɗakin da yake ba sai da tafiya ta taso. Da asuba aka kawo kofi da madara a kwano, da burodinsu dogo mai tauri kamar sandar makiyayi, an tsaga cikinsa an cusa wake da taliya. Na ce a raina in na kai wannan Kaduna mai shayi zai ce na haukace. Amma ya riƙe mini ciki har yamma.

Malam Garba ne ya samo mini mota. Wani maƙwabcinsa, Malam Hamadu, Bafulatani siriri mai yawan dariya, yana jan gingimarin albasa zuwa kudu, kuma ta wannan hanyar zai bi. Muka tashi gari bai gama wayewa ba. Duk tafiyar idona na kan agogon motar, wanda daga baya na gane ya tsaya tun bara.

Hantsi ya yi sosai muka isa garin da za a tashi. Ga tutoci, ga kiɗa, ga kekuna jere waɗanda ɗaya ya fi duk shagona tsada. Na hango 'yan wasanmu masu kore da fari na ruga. Nafi'u ya rame ya yi baƙi, ga filasta a gwiwar hannu, amma yana ganina ya washe baki. Na ɗaura masa tayar, na juya feda, sarƙa ta hau kowane haƙori lafiya lau. Kocin nasu, wani dogo ɗan Jos mai ƙarancin magana, ya zo muka gaisa. Ya ce, "Yayan Nafi'u, ka taya ni gaya masa. Ya bi a hankali yau." Na ce to, in sha Allah. Yana juya baya na jawo Nafi'u gefe.

"Ka tuna abin da na gaya maka?"

"Kashi na biyu. Kada in rage ko cokali."

"Gangara za ta kawo ka."

"Yaya, abin da ka ce shi zan yi."

Malam Hamadu ya danna oda, don in ba mu wuce yanzu ba za a rufe hanya. Na hau, da niyyar in riga su isa Ngaundare in tsaya a bakin layi.

Gani ya kori ji. Da muka kama hawan, motar ta fara nishi, Malam Hamadu ya yi ta rage giya har ya kai ta ɗaya, muna tafe kamar masu rakiyar gawa. Hanya ta lanƙwasa hagu, ta lanƙwasa dama, a gefe rami ne wanda ba na son leƙawa, ga gawarwakin manyan motoci a ciki sun yi tsatsa. Birai zaune a bakin titi suna kallonmu. Kunnuwana suka toshe. Na tuna gadar Kawo na ji kunya. Amma na ƙarfafa kaina da cewa duk tsananin hawa haka daɗin gangararsa zai kasance.

Muka kai sama. Iska mai sanyi ta buge ni, ga mata jere da kwalaben zuma da fiya. Na gyara zama, na dafe gaban motar da hannu biyu, ina jiran mu sulala. Motar ta ci gaba. Hanya a miƙe, ta ɗan sauka kaɗan, ta sake ɗan hawa, ta miƙe. Ciyawa duk ta kwanta ta fuskanto mu saboda iska. Na jira, na ƙara jira.

Na ce, "Malam Hamadu, ina gangarar?"

Ya ce, "Wace gangara?"

"Ta dutsen. Inda ake sauka."

Ya dube ni, ya yi dariya har ya bugi sitiyari. "Kai ɗan Kaduna! Wannan ba irin dutsenku ba ne da ake hawa a leƙa a sauko. Nan ƙasa ce a kan ƙasa. In ka hau, ka hau ke nan. Ngaundare ai a sama take zaune."

Sai a lokacin na gane hannun jami'in nan na kan iyaka, da 'yan lanƙwashe-lanƙwashen da na raina a zane. Na tambaye shi saura nawa a isa gari. Ya ce shi da albasa yakan yi awa guda da wani abu, in iska ba ta yi gardama ba, yau kuwa ta yi.

Kafin in sake magana jandarma ya ɗaga mana hannu, muka faka a gefe bayan wasu motoci. An rufe hanya gaba da baya. Malam Hamadu ya kashe mota ya ɗauko goro, ya ce ba yau aka fara tsare shi a nan saboda masu keke ba, ya san su kamar yunwar cikinsa.

"Farko za ka ga sirara, huɗu ko biyar, baki a rufe, kamar ba su san da dutse ba. Bayansu sai masu kwaɗayi, waɗanda suka ce sai sun bi su. Za su iso nan harshe a waje, su watse ɗaya-ɗaya, iska ta cinye su. Su ne motar kwashe gajiyayyu take tsinta a bakin hanya. Can baya sai ƙattin, su ashirin ko fiye, suna hawa kamar tsofaffi. Amma in sun kai nan sai su jeru kamar ayari, wannan ya tare iska ya gaji ya koma baya, wancan ya karɓa. Su kam suna shiga gari."

Abin da koci ya faɗa ke nan, kalma da kalma. Ni kuma, Boka, na ɗauki ɗan'uwana da bakina na saka shi cikin masu kwaɗayi. Nafi'u ba ya ɗauke da waya, ni ma tawa gawa ce. Mota ba ta komawa, babur ba ya komawa. Na buɗe ƙofa na diro.

Rabona da gudu tun ina makarantar allo. A lanƙwasa ta farko silifas ɗina ya tsinke, na yar da ɗayan ma. Iska ta ɗauke hulata, ban ko waiwaya ba. Wani jandarma ya busa mini usur, na yi kamar ba da ni yake ba, na kutsa ta bayan 'yan kallo. Mutanen ƙauyuka sun cika gefen hanya da ganguna da ƙahonni, suna ta nuna ni suna dariya, ƙato da babbar riga ba takalmi yana gangarowa inda kowa ke jiran masu hawa. So nake in tare shi tun yana da sauran ƙarfi. Na sauka lanƙwasa uku ko huɗu, sai na ji jiniya.

Babura suka wuce. Sai ga sirara, su biyar, baki a rufe. Wannan kam na faɗa daidai, amma ban ji daɗin komai ba. Aka ɗan jima, sai ga kashi na biyu, su bakwai, kuma a jelarsu ga kore da fari. Nafi'u ne. Baki a buɗe, miyau a haɓa, keken na tangaɗi hagu da dama, ya manne wa tayar na gabansa kamar yadda na umarce shi.

Na faɗa titi ina gudu a gefensa ina ihu. "Nafi'u! Babu gangara! Na yi kuskure! Sake su! Jira na baya!" Ganguna na tashi, ƙahonni na tashi, wata mota a bayanmu ta danne oda, ni kaina ba na jin muryata. Ya juyo. Ya dubi fuskata, ya dubi kaina, ya dubi ƙafafuna. Na ga fuskarsa ta canja, ƙafafunsa suka yi sanyi a kan feda, shidan nan suka tafi suka bar shi. Na ce alhamdulillahi, ya ji. Numfashina ya ƙare, na durƙusa a bakin hanya ina nuna masa baya da hannu. Ya ci gaba a hankali yana waiwayena. Can sai ga ƙattin sun iso a dunƙule, suna huci kamar shanun huɗa, suka cim masa wajen lanƙwasa, ban ƙara ganinsa ba.

Komawa sama ba takalmi a kan kwalta mai zafi, wannan ba zan ba da labarinsa ba. Malam Hamadu ya jira ni, Allah ya saka masa. Ya ba ni silifas ɗinsa na alwala, bai yi dariya ba wannan karon. Aka buɗe hanya muka bi bayan motar kwashe, wata farar bas da ke tafe a ƙarshen kowa tana ɗaukar waɗanda suka gaza.

Ban taɓa yin tafiya mai tsawon wannan ba, har da ta Kaduna zuwa Yola. Duk sanda bas ɗin ta rage gudu sai zuciyata ta tsaya. In miƙa wuya ta taga in ga launin rigar wanda ke zaune a bakin hanya. Ja ne. Mu ƙara gaba, ta sake tsayawa. Shuɗi ne. Biyu daga cikinsu na gane su, suna cikin shidan da Nafi'u ya manne wa, ɗaya ma kwance yake ƙarƙashin bishiya ya rufe fuska da hannu. Sai a wata tsayawa na hango kore da fari ana ɗaga kekensa. Na ce innalillahi, na kama ƙofa zan diro, Malam Hamadu ya riƙe mini riga. Da mutumin ya juyo sai na ga wani abokin wasansa ne, ba shi ba. Allah ya yafe mini, na yi murna da faɗuwar ɗan mutane.

Ko bai shiga bas ba ai ba a tsira ba, don agogo na can na tafiya, kuma ban san ko ƙarfin da ya ɓarnatar a hawan ya bar masa abin da zai riƙe ayarin ba. Na yi ta ganinsa a raina zaune a shago yana auna yadi, yana kallon masu keke na wucewa, kuma ya san wanda ya zaunar da shi. Duk addu'ar da na iya na karanta, har ta cin abinci. Malam Hamadu ya miƙo mini goro ya ce, "Tauna, ɗan Kaduna. Abin da Allah ya rubuta iska ba ta gogewa."

A bakin gari muka rabu, don ba a barin manyan motoci su shiga. Na ce zan mayar masa da silifas, ya ce in tafi da su Kaduna in riƙa tunawa da Falez. Na hau acaɓa zuwa inda aka gama. An riga an fara naɗe tutoci. Na yi ta kutsawa cikin mutane har na yi karo da kocin. Na ce, "Ina Nafi'u?"

Ya ce, "Ya shigo. Cikin na baya. Saura ƙiris a rufe."

Na fara ba shi haƙuri, ina cewa ni ne na zuga yaron, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. "Bar wannan. Je ka ga ɗan'uwanka. Tun da ya sauka ya ƙi ruwa, ya ƙi abinci, kai kawai yake tambaya."

Na same shi zaune a bakin kwata, keken yashe a gefe. Na taho da murmushina zan ce barka. Yana ganina ya miƙe, ya cafki rigata da hannu biyu, idanunsa sun yi jawur.

"Yaya, Baba ne ko? Yaushe?"

Na ce, "Baba kuma? Me ya sami Baba?"

"Kada ka ɓoye mini. Na gan ka. Ba hula, ba takalmi, kana gudu kana ihu. Tun da nake ban taɓa ganinka kai a buɗe a waje ba."

Ashe ko kalma ɗaya bai ji ba. Ni kawai ya gani a wannan kama, ya ce a ransa babu abin da zai sa Yaya haka sai mutuwa, kuma saƙo ya riske ni a hanya. Shi ya sa ƙafafunsa suka saki. Da ƙattin suka iso ya shiga cikinsu ne don su ne hanya mafi sauri zuwa gari, inda zai ji labari. Duk tsawon hanyar nan ya yi ta yana karɓar iska in layinsa ya zo, yana kuka, su kuma sun ɗauka wahala ce.

Na ce, "Wallahi Baba lafiyarsa ƙalau. Ni ne na yi kuskure, Nafi'u. Dutsen ba shi da gangara, shi na zo gaya maka."

Bai saki rigar ba. Na ga bai yarda ba. Na roƙi koci wayarsa mai layin can, na danna lambar Baba. Ta yi ƙara sau uku aka ɗauka. Ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa.

Na ce, "Baba, Sabi'u ne. Ya gama."

Ya ce, "To, madalla. Ya ci abinci?"

Nafi'u ya fizge wayar ya manna a kunne, ya koma ya zauna a bakin kwatar. Ina jin muryar Baba ƙasa-ƙasa yana cewa, "Alo? Alo? Wai wa ke nan? Sabi'u, layin ya yanke ne?"

Nafi'u ya share fuska da bayan hannu ya ce, "Bai yanke ba, Baba. Ni ne. Ci gaba da magana, ina ji."